Fensir Kafin Kwamfuta

Mu 'yan ajin zanen gine-gine ne muka kawo muku labarin kunyar da muka sha a zangon da ya wuce.

Tun ranar da aka sa mana manhajar AutoCAD a kwamfutoci biyu na makaranta muka fara raina allon zane. Har tsokanar juna muke yi cewa fensir da rula kayan tsofaffi ne. Malam bai ce mana komai ba. Sai ya raba mu rukuni biyu, ya ce kowane rukuni ya zana ɗakin kaji da za a gina a bayan ɗakin kwananmu.

Mu a rukuninmu kai tsaye muka nufi kwamfuta. Kwana uku muna bin layi, ana ɗauke wuta muna jira. Zanenmu ya fito tsaf, layuka a miƙe, lambobi a jere. Ɗaya rukunin kuwa filin suka tafi da littafi da tef. Suka auna, suka zana, suka goge, takardarsu duk ta yi baƙi.

Ranar dubawa Malam ya kai mu wurin. Ya tambaye mu: "Daga ina ruwa da iska suke zuwa da damina?" Muka ce daga gabas. Sai ya nuna mana tagoginmu, dukansu gabas suke kallo. Ƙofarmu kuma ta faɗa daidai kan bishiyar darbejiya da ba mu san tana nan ba. Da an gina namu, da ruwan farko ya jiƙa kajin. Abokanmu sun ga bishiyar, sun ga gangaren ƙasa, sun gyara tun a takarda.

A hanyar dawowa Malam ya tuna mana cewa madatsar ruwa ta Tiga, nan Bebeji, an kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. AutoCAD kuwa sai a 1982 kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da ita. Ke nan da hannu aka zana madatsar da manoman rani na Kadawa suke dogaro da ita har yau. Maginan garuruwanmu ma, daga Kiru zuwa Doguwa, sukan shata ɗaki a ƙasa kafin su haƙa harsashi.

Ba mu daina son kwamfuta ba, domin duk ofishin da za mu nemi aiki gobe zai tambaye mu ita. Amma mun gane abin da ka ba ta shi take zanawa, ko daidai ko kuskure. Yanzu sai mun je wuri, mun yi zane uku ko huɗu da fensir, Malam ya duba, sannan mu zauna gaban kwamfuta.

Ƙannenmu na aji huɗu, kada ku yar da fensiranku. Muna kuma roƙon shugaban makaranta a gyara mana allunan zane guda shida da suka karye kafin jarrabawa.