Zuwa ga Autata a Damagaram

Auta,

 Mu nan Kurni sai godiya.

Yayarki ta ce kin yi kuka don na yi shiru a waya. Wallahi ba fushi ba ne, 'yar nan. Ciwon fuskar nan ne ya taso ina tsakiyar magana. Yana zuwa kamar walƙiya, daga gefen hancina na dama ya tsaga zuwa muƙamuƙi. Ba ya wuce minti 2, amma in ya sake ni sai in zauna zaman jiran dawowarsa, jiran nan kuwa ya fi gajiyar da ni. In na sake yin shiru, ci gaba da zancenki, ina jin ki.

Kin tuna an ce haƙori ne har aka cire mini lafiyayye, wasu kuma suka ce iska ce. Likitan da na gani a babban asibitin Damagaram ya ce jijiyar fuska ce mai rassa 3, na goshi, na kunci da na haɓa, kuma galibi jijiyar jini ce ke danne ta can cikin kai. Wai mu mata da muka haura 50 ya fi kamawa.

Goro na sallama shi. Asuwaki sai da lallaɓa. Tuwo a hagu nake taunawa, ranar da abin ya matsa kuma sai koko. Hunturun nan ko ƙofar ɗaki zan leƙa sai na naɗe fuska da mayafi. Alwala ce ta fi sa ni hawaye, har Malam ya kwantar mini da hankali cewa wanke fuska sau ɗaya ne farilla, na koma yi da ruwan ɗumi. Angona na wajen yayarki kuwa, da ya kawo hannu kumatuna sai in kauce. Yanzu yawo yake yana cewa amaryarsa ta yi yaji.

Maganin Tegretol ɗin yana taimakawa, duk da jiri da barcin da yake sa ni. Parasitamol ko gezau. An gargaɗe ni kada in yanke shi farat ɗaya, ga shi saura kaɗan. Ki sayo a farmasi, ban da na 'yan talla, ki ba direban Matamaye, ƙanen babanki zai karɓa ranar kasuwa.

Ki gai da uwar mijinki. Allah ya yi miki albarka.

Innarki