Ranar da Hazo Ya Rufe Mu a Tudun Arderin

Mu biyu ne manya a gidanmu, sai autarmu mai shekara tara. Iyayenmu suna aiki a ƙasar Ireland, a nan muke karatun sakandare. Da aka yi hutu, muka matsa wa Kawu ya kai mu Carrauntoohil, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mita 1,038, don mu samu hoton da za mu yi wa 'yan ajinmu fankama da shi. Kawu ya ce Arderin za mu fara zuwa.

Arderin shi ne wuri mafi tsawo a tsaunukan Slieve Bloom, a kan iyakar gundumomin Laois da Offaly. A harshen mutanen ƙasar, sunan yana nufin "ƙololuwar Ireland", amma tsawonsa mita 527 ne kacal. Muka yi ta dariya, muka ce wannan ai tudun yara ne.

Muka ajiye mota a mashigar Glendine. Babu shago, babu cunkoso, sai iska. Ƙasar wurin baƙa ce, tana riƙe ruwa kamar soso, duk inda ka taka sai ƙafarka ta nutse. Auta tana ta fama da taɓo, Kawu yana riƙe da hannunta. Mu kuwa muka gaji da jira, muka yi gaba abinmu.

Muna isa sama sai hazo ya sauko, mai sanyi da danshi. Saman tudun a shimfiɗe yake, ko'ina iri ɗaya. Muka rasa ta inda muka hawo. Muka yi ta kiran Kawu, iska tana kwashe muryarmu. Tsoro ya kama mu, muka zauna muna rawar ɗari.

Can sai muka ji ƙarar usur. Usur ɗin Auta ne, wanda muka yi mata ba'a a kansa da safe. Muka bi ƙarar a hankali har muka gan su.

Kawu bai yi mana faɗa ba. Ya ce, "Samari, in an hau dutse, da tafiyar ƙaraminku ake tafiya."

Ba mu ɗauki hoto ko ɗaya ba ranar. Yanzu duk inda za mu hau, Auta ce a gaba, kuma kowannenmu yana da usur a aljihu.