Kuɗin mota iri biyu: na ɗan gari da na baƙo

A tashoshin motarmu akwai wata doka da ba a rubuta ba, amma kowa ya san da zamanta: kuɗin tafiya iri biyu ne, akwai na ɗan gari, akwai na baƙo. Kafin ɗan acaɓa ko direban shata ya buɗe baki, idonsa ya riga ya gama lissafi. Ya dubi takalmin mai tambaya, ya dubi jakarsa, ya saurari irin Hausarsa, sannan ya yanke abin da zai faɗa. Idan ɗan unguwa ne, ba a ma tsayawa ciniki. Idan kuwa aka ga alamar mutum bai san gari ba, sai kuɗin ya ninka. Na daɗe ina lura da wannan tsakanin Kano, Wudil, Gaya da ƙauyukan Ajingi, hanyar da nake bi kusan kowane ƙarshen mako, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu daina ɗaukarsa a matsayin wayon kasuwa.

Abin da ya ƙara jawo hankalina shi ne yadda wasu garuruwa masu nisa da mu suka fuskanci irin wannan matsala. A tsibiran Karebiyan, can tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa kan tsaya a birane irin su Nasau, hedikwatar ƙasar Bahamas. Jirgi ɗaya kan sauke dubban 'yan yawon buɗe ido da safe, ya kwashe su kafin dare. Mai karatu ya dubi halin da irin wannan fasinja yake ciki: bai san gari ba, sa'o'i kaɗan gare shi, yana tsoron kada jirgi ya tashi ya bar shi, kuma da wuya ya sake haɗuwa da direban da ya ɗauke shi har abada. Duk abin da ke sa a cuci baƙo ya taru a kansa. Hukumomin wuraren sun gane cewa abincinsu yana hannun waɗannan baƙi, don haka ba su bar maganar a bakin direba kaɗai ba. A tsibirin Sent Tomas, motocin tasi ba su da mita, amma hukuma ta fitar da jerin kuɗin kowace tafiya, daga wuri kaza zuwa wuri kaza, a kan kowane mutum. A Jamaika kuma motar haya mai izini jar lamba take ɗauka, ta yadda baƙo zai bambanta ta da ta bayan fage tun daga nesa. Wannan bai kawar da ha'inci gaba ɗaya ba, sai dai ya ba wanda aka so a cuta abin da zai nuna ya ce ga kuɗin da aka rubuta.

Gaya ba ta da teku, balle jirgin ruwa, amma tana da nata baƙin. Akwai 'yan hidimar ƙasa da ake turowa makarantunmu da asibitocinmu. Akwai fataken da ke zuwa sayen hatsi da dabbobi, musamman waɗanda ke biyowa ta kasuwar Juma'a ta Wudil. Akwai ɗaliban jami'ar Wudil da suka fito daga jihohi daban-daban, da 'yan rakiyar amarya, da masu zuwa ta'aziyya, da uwar da ta zo duba ɗanta a tsangaya. Kowannensu yana sauka a bakin titi da jaka a hannu, kuma mutum na farko da zai yi magana da shi a garin nan ɗan acaɓa ne. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, a-daidaita-sahu ya maye gurbinsa a can, amma a wajenmu babur ne har yanzu yake kai mutum ƙauyen da mota ba ta shiga.

Wata rana da damina na sauka a tasha tare da wani matashi ɗan hidimar ƙasa, sanye da kakinsa, yana neman wanda zai kai shi makarantar da aka tura shi a wani ƙauye. Na san hanyar, na kuma san kuɗinta. Ɗan acaɓan da ya tare shi ya faɗi ninki uku. Na matsa kusa na ce, “Haba samari, yaushe kuɗin ƙauyen nan ya kai haka?” Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai su gwamnati ke biyan su duk wata. Mu kuwa wa ya san da mu?” Bai ji ya yi laifi ba. A ganinsa wani ɗan rabo ne Allah ya kawo masa, kuma ni ne na shiga abin da ba ruwana. Wannan amsa tasa ita ce zuciyar matsalar, domin tana nuna cewa an mayar da rashin sanin baƙo wani abin sayarwa.

Adalci ne a saurari ɓangaren masu abin hawa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Taya, baƙin mai da kayan gyara duk sun bi sahu. Da yawa daga yaran da ke kan babur ba nasu ba ne, sai sun cika balas na mai shi kafin su ga na cefane. Ga tikitin ƙungiya, ga abin da ake miƙawa a shingaye. Wanda ya kai fasinja ƙauye mai nisa sau da yawa haka yake dawowa ba kowa a bayansa. Da damina kuma hanyar da ake yi cikin minti ashirin tana iya cin awa guda. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya da za su sa kuɗi ya ƙaru. Amma dalilai ne da suka shafi hanya da mai da lokaci, kuma sun hau kan ɗan gari kamar yadda suka hau kan baƙo. Babur ba ya shan mai fiye da kima don wanda ke bayansa bai iya Hausa ba.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Ɗaukar fasinja ijara ce, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san ladan. Malaman fiƙihu sun yi magana musamman a kan mai sayen da bai san farashi ba, ya miƙa wuya ga amanar mai sayarwa, suka ce cutarsa haramun ce. An hana tarar ayarin fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, kuma hikimar hanin ita ce kada a ci riba daga jahilcin baƙo. Matafiyin da guzuri ya yanke wa ma yana cikin mutum takwas da aka ware wa zakka. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, bai kamata a ce a tasharmu ne ake fara yi masa fashin baki ba.

Mu ma kuma baƙi ne a wani wuri. Tarihin baka ya nuna cewa maƙerin da ya zauna a gindin Dala yana neman tama daga Gaya ya fito, wato tafiya tsohuwar sana'armu ce. Kakanninmu sun ratsa Sudan a ƙasa, suka hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, ba su san harshe ba, ba su san farashi ba. Har yau duk alhajin da ya dawo yana da labarin tasin Makka a kwanakin cunkoso. Kawuna ya shekara yana ba da nasa: an ga dattijo ne, ga gajiya, ga zafin rana, aka karɓi kuɗin tafiya mai nisa a kan abin da daga baya ya gane ƙafa ma tana kai shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda aka gane bai sani ba aka yi amfani da hakan. Abin da kawuna ya ji a ƙasa mai tsarki, shi ne yaron nan mai kaki ya ji a garinmu.

Asarar kuma ba ta tsaya a aljihun baƙo ba. Ɗan hidimar ƙasan da aka cuta ranar farko zai kwana yana tunanin neman sauyin wurin aiki, a garin da makarantu ke kukan ƙarancin malaman lissafi da kimiyya. Falken da aka tatsa zai gaya wa abokansa. Direban kirki, kuma su ne mafi yawa, shi ma yana biyan wannan bashi, domin idan ya faɗi kuɗin gaskiya ba a yarda da shi, sai an yi ta ja-in-ja. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Maganin da nake gani ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti daga Abuja. A manyan tashoshi, inda ake biya a teburin 'yan kamasho, kuɗin lodi ɗaya ne ga kowa, saboda an tsayar da shi kuma kowa yana jin abin da na gabansa ya biya. Abin da ya rage shi ne a kai wannan tsari wurin 'yan acaɓa, masu a-daidaita-sahu da masu shata. Shugabannin ƙungiyoyinsu su zauna da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, tare da wakilan masarauta, su amince da kuɗin kowace hanya. A rubuta a babban allo a kowace tasha da kowace mahaɗa, da boko da ajami da Turanci. A ware kuɗin lodi da na shata, na rana da na dare, na rani da na damina, da abin da za a ƙara idan akwai buhu. Kowane ɗan acaɓa ya sa riga mai lamba, a kuma rubuta lambar wayar shugaban tasha a ƙasan allon.

Za a ce farashin mai ba ya zama wuri ɗaya. Gaskiya ne, amma gidajen mai da kansu a rubuce suke nuna kuɗin lita, kuma suna sauyawa idan ya sauya. A sa kwanan wata a allon, a sake zama idan mai ya tashi, a kuma sake zama idan ya sauka. Za a ce malamai sun yi saɓani a kan hukuma ta ƙayyade farashi. Shi ya sa na ce masu sana'ar ne za su faɗi kuɗin da zai fisshe su, aikin hukuma kawai ta shaida ta kuma tabbatar an bi. Mu fasinjoji ma allon zai hau kanmu: mai babbar riga da ke tsayawa yana murɗe wa yaro naira hamsin ba zai ƙara samun hujja ba.

Ina kira ga shugabannin tashoshinmu da su fara da tasha ɗaya, a gwada na wata uku a gani. Katako da fenti ne kawai za a kashe wa kuɗi. Allah ya ba masu neman halal sa'a, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.