Shekara biyu a garin dattawa



Wanda ya bar Tawa ya nufi gabas zuwa Keita, zai ga ƙasa ta fara canja kama tun bai yi nisa ba. Rairayi ya ƙare, jan dutse da kwazazzabai su karɓe hanya, shi ya sa ake ce wa yankin Adar Dutsi. A wani ƙaramin ƙauye na wannan yanki aka tura ni koyarwa, na yi shekara biyu cur. Ni haifaffen birni ne, a zauren mahaifina na yi karatun allo, kafin nan kuwa ban taɓa kwana uku a jere a ƙauye ba.

Na isa cikin watan Oktoba, ana ƙarasa girbin gero, gari cike da samari. Kafin sanyi ya kankama sai na ga suna raguwa. Kowace ranar kasuwa mota takan ɗebi wasu: waɗansu Abijan, waɗansu Kamaru ko Nijeriya, waɗansu Libiya. Tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce a Adar, uba ya yi, kaka ma ya yi. Da watan Janairu ya kama, sahun farko na sallar asuba duk furfura ne, sahu na biyu kuwa babu shi. Wanda ya rage a gari shi ne tsoho da tsohuwa, da matan aure, da yaran da nake koya wa karatu.

Zama da dattawa yana da nasa ladabi, kuma sai da na koye shi daga tushe. Ba a wuce mutum da sallama ɗaya. Sai ka rage tsawo, ka tambayi kwana, da gajiya, da sanyi, da iyali, da labarin waɗanda suke nesa. Tafiyar minti biyar daga masaukina zuwa lakwal takan ci mini rabin awa. Da farko abin yana ƙona mini rai, har wata rana limamin garin ya ce mini: "Mushe, ɗana, gaisuwar nan ita ce ƙidayarmu. Wanda ba a ji muryarsa da safe ba, sai a je a buga masa ƙofa." Tun daga ranar ban ƙara duban agogo a hanya ba.

Kowa ya san kowa har kakanni. An san gonar wane ta tsaya a gindin wace gawo, an san wanda ya haƙa rijiyar gari da shekarar da aka yi. Ba sa lissafi da lambobi, da abin da ya faru suke yi: wance an haife ta shekarar fari ta farko, wato 1973, wane ya yi aure bayan ta biyu, wato 1984. Baƙo kuma baƙo ne ko ya daɗe. Ba a taɓa barina da yunwa ba, ƙwaryar fura takan riga ni isa ɗaki, amma idan maganar gona ko ta gado ta taso a dandali, sai a saurara har in tashi.

Waɗannan tsofaffi da ake gani zaune a inuwa, su ne suka raya ƙasar da hannuwansu. Bayan farin 1984 aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da yake maza sun tafi biɗa, mata ne mafi yawan ma'aikata, ana biyansu da abinci. Sun jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwa, sun haƙa ramuka, an dasa miliyoyin itatuwa. Tsohuwar da take dafa mini tuwo ta kai ni ta nuna mini jeren dutsen da ta ɗauko a ka tana da goyo. Har yau idan ruwa ya ture dutse ɗaya, takan sunkuya ta mayar da shi.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne cikin bazarar shekarata ta biyu. Wani dattijo maƙwabcina ya rasu kafin asuba. Yana da ƴaƴa maza biyar, babu ko ɗaya a gari. Da aka nemi masu haƙa kabari, mu huɗu aka samu: ni, da mai shago, da yara biyu daga babban ajina. Ƙasar maƙabarta tsandauri ce, diga na tashi da wuta. Mun fara da hantsi, ba mu gama ba sai da aka kusa azahar, tsofaffi suna tsaye a rana suna karɓar shebur suna ba mu hutu. Kafin la'asar saƙon murya ya yi ta shigowa salula daga Abijan, ana kuka, kuɗin sadaka ma sun iso a ranar. Liman ya saurara duka, sannan ya ce a hankali: "Allah ya yi musu albarka. Sai dai kuɗi ba sa ɗaukar makara."

Ba zargi yake yi ba, ni ma ba zan yi ba. Geron da ake nomawa a shekara mai kyau ma da wuya ya kai gidan wata damina, kuma da abin da ƴan biɗa suke aikowa ake cika rumbu, a sayi magani, a yi wa yara sutura. Tsofaffin sun san haka, sun kuma ga abin da ya biyo baya lokacin da rikicin Kodibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 suka koro mutane gida hannu wofi. Abin da ya canja shi ne, a da mai tafiya yakan dawo da ruwan farko ya riƙe hauya. Yanzu da yawa sun kwashe iyali, sai shekara uku ko huɗu ba a gan su ba.

Da yawa daga cikinmu masu karanta wannan takarda muna da irin wannan gari a bayanmu. Shawarata ƙarama ce. Ƴan'uwa maza na gida ɗaya su yi karɓa-karɓa, kada rani ya wuce babu ɗayansu kusa da iyaye. Wanda ya kira waya ya tambayi wa ke ɗebo wa tsohuwa ruwa, wa ke kai tsoho likita, kada ya tsaya ga tambayar ko saƙo ya iso. A kuma kai yara hutu su ji iyakar gonar kakansu daga bakinsa tun yana da rai.

Ranar da zan tashi, liman ya rako ni har bakin hanya da sandarsa. Ya ce in na isa birni in gaida mahaifina, in kuma riƙa kwana kusa da shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon kula da waɗanda suka rage. Amin.