Daren da motarmu ta ƙi gane makullinta

Yau ba labarin gari munka zo da shi ba, namu ne na gida, kuma da ɗan kunya a cikinsa.

Daren Alhamis ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe 2, anka buga mana ƙofa. Maƙwabcinmu ne, dattijo, ko takalmi bai sa ba. Ya ce: "Malam, taimaka. Ɗiyata ce, wadda ta zo goyon ciki. Tun magariba ake abu guda, ungozoma ta ce a tahi asibiti." A layinmu mu kaɗai ke da mota, tsohuwar Corolla okaziyo wadda ta gama zamaninta a Turai kafin ta sauka Kwatano ta iso Maraɗi. In dare ya yi ita ce ambilans ɗin unguwa, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Munka shiga, munka murɗa makulli. Demarer na juyawa da ƙarfinsa, fitilu tas, esans rabin tanki, amma inji bai kama ba. Munka sake. Munka tada samari sunka tura ta har bakin kwalta, sunka maido, sau uku. Ko tari ba ta yi ba. Ga mata sun riƙo yarinyar sun fito da ita zaure, muna jin numfashinta daga inda muke. Dattijon na tsaye bai ce mana komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Daga ƙarshe wani yaro ya ruga ya tado mai adaidaita a layin baya. A cikinta anka tahi da ita, a kan wannan hanya tamu da kun sani. Allah ya kiyaye, ta sauka lahiya da asuba, an samu ɗiya mace. Amma kusan minti 40 munka ci ma mai naƙuda muna fama da ƙarfe.

Da safe makanike ya zo. Ya kwance buji, ya duba fizibil, ya kasa kunne wajen tanki, ya ce pompin esans ce, a kawo kuɗin sabuwa. Har mun sa hannu aljihu sai ga wani matashi elektirisiyan da ya kira don ya duba mashi waya. Yaron bai ko buɗe gaban mota ba. Ya zauna, ya zura makulli, ya nuna mana wata ƴar jar fitila a tablo.

"Yaya, ka ga wagga? In makulli ba ya ciki, aikinta ke nan ƙyaftawa. Da an sa makullinta na gaskiya ya kamata ta mutu. Ga makulli ciki, ga ta tana ƙyaftawa. Motar ba ta gane shi ba. Mi anka yi ma makullin nan?"

Nan take gabanmu ya faɗi. Ranar Alhamis da rana, mota na aje gida, mun tahi aiki bisa moto, munka biya kasuwa wurin mai gyaran makulli. Kan robar ya daɗe da tsagewa, da ƙyauro muke ɗaure shi. Ya canza mana gida sabo a jikka 2, ya maida ƙarfen da ƴan maɓallan buɗe ƙofa, munka taho muna murna. Ba mu gwada ba sai ƙarfe 2 na dare.

Ga abin da yaron ya koya mana, mu da ke shekara da shekaru da mota ba mu sani ba. A cikin kan makulli akwai wani ɗan abu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, suna ce mashi pis. Ba ya da pil, ba ya buƙata. A bakin kontak akwai zoben waya da ke ba shi wuta ya kuma karanto lambarsa, sai ya miƙa ta ga kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira kalkilatar. In lambar ta yi daidai, kwamfuta ta saki mai da wuta. In ba ta yi ba, demarer zai yi ta juyawa har batir ya ƙare, inji ba zai tashi ba. Shi ya sa turawar da munka sa samari ba ta yi amfanin komai ba. Tun 1998 doka ta tilasta wannan antibol a kan sababbin motoci a Tarayyar Turai, ke nan kusan duk okaziyon da ke zo mana daga can tana ɗauke da shi, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

Kuma kada a rikita shi da pil ɗin maɓallan ƙofa. Wannan in ya mutu ƙofa ce kawai ba ta buɗewa daga nesa, mota tana tashi. Ko masu motocin da ake danna maɓalli, in pil ya mutu, yawancinsu in an manna makullin jikin maɓallin an danna, suna tashi. Ya ce wani lokaci laihin na batir ne da ya yi sanyi, ko zoben ya lalace, ko an haɗa makullan mota biyu a zobe guda suna rikita juna. Waɗannan ake fara dubawa kafin a taɓa pompi.

Munka koma kasuwa. Mai gyaran ya rantse bai ga komai ba, kuma mun yarda da shi, don shi ƙarfe ya sani. Munka zazzage kwalin da yake zuba tsofaffin robobi, mu uku a tsugune, mutane na wucewa suna kallo, har wata baiwar Allah ta gane muryarmu ta ce, "Ashe ku ne na radiyo?" Mu ne, hajiya. Can ƙasa munka ga namu da ƙyauronsa, ɗan baƙin abun na maƙale a lungunsa. Anka maida shi. Murɗawa guda, mota ta tashi.

To, a nan ne gardama ta shigo. Makaniken ya ce a huta: a ciro pis ɗin, a manne shi da gam a bakin kontak, a rufe. Daga nan kowane ƙarfe anka yanka zai tada motar, makulli goma ma in muna so. Mun san da yawa haka sunka yi, kuma ba mu zarginsu, don arha ce. Amma mun ƙi. Motar da ke kwana a ƙofar gida, a garin da iyaka ba ta da nisa, ba mu ga dalilin cire mata abu guda da ke hana ɓarawo gudu da ita ba. Ita ba ta yi laihi ba daren nan, aikinta ta yi. Mu ne munka saye ta da makulli guda tal, ba mu tambayi na biyu ba. Mun duba taya, mun duba kilim, mun yi ciniki kan jikka 10, amma makulli ko a ranmu. Da akwai na biyu a durowa, da minti 1 ya isa.

Yaron ya ce muddin na asali na hannu, yi wa mota sabon makulli mai pis abu ne mai sauƙi da na'urarsu ta baliz. Ran da ya ɓace gaba ɗaya ne ake shiga uku, don wasu motocin sai an kwance kwamfutar kanta. Mun ba shi aikin ranar Asabar. Na biyun yanzu yana hannun uwargida, ta sa shi cikin kwalla inda take aje takardun haihuwar yara.

Jibi suna. Dattijon ya aiko da goro, ya kuma ce in babu damuwa a ɗauko mashi ƴan uwa daga tasha da motar.