Wasannin gitar uku da suka tsaya mini a rai bana

Shekarar 2024 ta zo ƙarshe, kuma kamar kullum ana ta tambayata kiɗan da ya fi burge ni. To, amsata bana wasanni uku ce na gitar da na gani da idona. Duka ukun ba a sayar da tikiti ba, ba a yi musu talla ba, kuma ko sunan makaɗan ba ku taɓa ji a rediyo ba.

Kiɗan da nake nufi shi ne wanda Turawa ke kira rok na Sahara, mu kuwa gitar kawai muke ce masa. Samarin Abzinawa da suka yi zaman Aljeriya da Libiya, irin su Tinariwen na Mali, su suka yaɗa shi. A Nijar kuma gidan buki ne makarantarsa. Etran de l'Aïr tun 1995 suke kiɗan aure a Agadas, sun daɗe kafin su hau jirgi.

Na farko a Yamai ne, unguwar Lazare, bayan ƙaramar salla. An tare titi da benci, an shimfiɗa tabarmi, samari huɗu masu rawani suka jona gitar biyu da ƙaramin gurup. Sun fara a hankali kamar tafiyar raƙumi, can mai ganguna ya ƙara wuta, ƙura ta tashi. Ana tsakiyar haka man gurup ya ƙare. Walla ba wanda ya motsa. Mata suka ɗauki tafi da guɗa irin na tende, suka riƙe kiɗan har yaron da aka aika ya dawo da kwalbar esansi. Da gitar ta dawo, daidai kan tafin nan ta faɗa.

Na biyu a Baleyara, ranar Lahadi bayan kasuwa ta watse. A wata fada bayan shagon mai gyaran rediyo, wani dattijo mai molo ya zauna da yaron da bai wuce shekara ashirin ba. Yaron ya haɗa gitarsa da batirin mota. Dattijon ya ce masa: “Ɗana, rage gudu, kiɗi ba tseren doki ba ne.” Yaron ya ce: “To Baba,” ya rage. Mu goma sha biyu ne da butar shayi. Ranar na ji yadda molon Zabarmawa da gitar ke amsa wa juna kamar wa da ƙane.

Na uku nan gida Damana, bukin aure bayan girbin hatsi, kuma shi ya fi tsaya mini. An fara bayan la'asar, kafin magariba an naɗe wayoyi. Kun san dalili. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tillaberi, a farkon 2020 kuma aka hana yawo da moto. Ko inda aka sassauta, tsoro bai sassauta ba. Lokacin da nake kolej, buki sai asuba. Yanzu baƙon da ya zo daga ƙauye idonsa na kan rana. Samarin sun san awa biyu gare su, shi ya sa ba su tsaya gaishe-gaishe ba, waƙa na ƙarewa wata na shiga, Hausa, Zabarmanci, Tamashek. Na ga tsofaffin da suka ce surutu ne suna kaɗa ƙafa ƙarƙashin riga.

Ana naɗe kaya mai gitar ya tare ni. Ya ce jikka talatin aka ba su, in an cire kuɗin sono da na mota, abin da ya saura bai sayen wayoyin gitar sabbi. Sannan ya ce: “Yaya, kullum Bombino da Mdou Moctar kake sa muna. Mu sai Turawa sun ce mun iya kahin ka sa mu?”

Na rasa amsa, don gaskiya ya faɗa. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, kuma waƙoƙinsa sun yi yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth kafin wani kamfanin Amurka ya ji su. A 2024 ya fitar da Funeral for Justice, na sa shi a shirina sau da yawa. Amma lokacin da yake kiɗan buki, da ya kawo mini waƙarsa, na san abin da zan ce masa: sautin bai da kyau, je ka studiyo. Haka na sha gaya wa yaran garinmu, alhali studiyo sai Yamai, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfinsu. Dare ya kuɓuce musu, mu ma masu makirfo mun rufe musu ƙofa. Biyu daga cikin waɗanda na sani sun sayar da gitar sun tafi haƙar zinariya Jado.

Saboda haka daga watan Janairu, in Allah ya yarda, zan ware minti talatin kowane mako don makaɗan da ba su da faifai. Ko da salula aka ɗauka, ko ana jin kukan gurup da na awaki a ciki, zan sa. Mai gitar, mai molo, mai goge, mai gurmi, duk ƙofa a buɗe take. Ku kuma masu buki, in kun kira su ku biya su da mutunci, kada ku bar su da liƙi kaɗai.

Wane wasa kuka gani bana a garinku? Ku gaya mini garin da makaɗan, in zo in ji da kunnena. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya maido muna da daren buki. Amin.