Maƙwabcin da Ke Wucewa Ta Saman Kanmu

Duk baƙon da ya sauka wurinmu daga Arewa, daren farko ba ya samun barci. Da asuba sai ya ce, "Alhaji, yaya kuke yi da wannan ƙara?" Mu kuwa sai mu yi dariya, mu ce wace ƙara? Ai mun saba. To, wannan sabon ne muke so mu ɗan yi magana a kansa yau.

Goro da jirgin ƙasa ne suka kawo kakanninmu Agege, tun kafin a san za a yi filin jirgin sama a Ikeja. Filin ya zo ya same mu. A 1976 aka sa masa sunan marigayi Janar Murtala Muhammed, a 1979 aka buɗe babban ginin jiragen ƙasashen waje. Shi jirgi yakan fuskanci iska in zai sauka, iskar Legas kuwa galibi daga teku take busowa. Shi ya sa jiragen ke biyowa ta arewa, ta kan Iju da Agege, sun yi ƙasa-ƙasa har mutum ya ga tayoyinsu.

Kowa ya san yadda abin yake. Ana tsakiyar ciniki sai mai saye da mai sayarwa su yi shiru, su jira ya wuce. Ranar da muke jan salla, sau nawa muke dakatawa a tsakiyar karatu don na sahun baya ba sa ji? Malamin Islamiyya yana biya wa yara, sai ya koma farko. In ka haɗa waɗannan 'yan daƙiƙu na shekara guda, wallahi karatu mai yawa ne ya tafi.

Kunne yana sabawa, amma jiki yana biyan bashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta yawan ƙarar jirage da rashin barci mai daɗi da ciwon zuciya da jinkirin karatun yara. A birnin Munik na Jamus an sauya wa filin jirgi wuri a 1992. Masu bincike suka bi yaran da ke kusa da tsohon filin, suka ga karatunsu ya gyaru bayan ƙarar ta ɗauke, na kusa da sabon kuma ya ja baya. A Farankfot, nan ma Jamus, an hana sauka da tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, bayan da maƙwabtan filin suka kai ƙara kotu. Kun ga ashe ana iya magana a saurara.

Bayan ƙara akwai fargaba. Ba mu manta da Lahadi 3 ga Yuni 2012 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Abuja ya rasa injinansa biyu ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga. Mutum 153 da ke ciki duk suka rasu, ban da waɗanda ya tarar a ƙasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro wajen sauka da tashi har da tsuntsaye, don tsuntsu ɗaya in ya faɗa inji yana iya lalata shi. Me ke tara shaho da balbela? Bola, da ragowar yanka da ake zubarwa a fili. Wanda ya juye shara a bakin kwata bai san yana kiran tsuntsu zuwa hanyar jirgi ba, jirgin da wataƙila mahaifiyarsa ce a ciki za ta Makka.

Ba mu ce a ɗauke filin ba. 'Ya'yanmu da yawa a can suke neman abinci, masu canji da direbobi da 'yan dako. Haƙƙin maƙwabtaka muke nema, mu ma mu bayar. Shawararmu ita ce shugabannin unguwa su rubuta wa FAAN mai kula da filayen jirage da LASEPA mai kula da muhallin Jihar Legas, a zo a auna ƙarar a makarantunmu dare da rana, a faɗa mana sakamakon. Mu kuma mu kwashe bolarmu. Yaron da sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, kafin a ce taurin kai ne, a kai shi asibiti a duba masa kunne.

Allah ya sauki matafiya lafiya, ya tsare mu da ke ƙasa. Amin.